A Koma Farko

Gwaggona, ƙanwar babana, mace ce da ba ta iya barin kuskure ya wuce ta gabanta ya tafi abinsa. In tana shara ta waiwaya ta ga tsinke ɗaya a baya, ba tsinken za ta ɗauke ba, bakin ƙofa za ta koma ta sake sharar gaba ɗaya. Satin da aka haife ni ta sayi ulu shuɗi ta fara saƙa min hula. Na yi rarrafe, na yi tafiya, na shiga firamare na fita, hular tana nan cikin gwangwanin biskit a saman kabad ɗinta ba ta wuce faɗin tafin hannu ba, domin duk sanda saƙar ta karkace ko da ƙiris sai ta warware duka. Babana kan ce in da rai da lafiya jikarsa za ta sa.

Shi dai babana ya ce ba da wannan hali aka haife ta ba, ofis ne ya ɗora mata. Da ta gama makaranta ta yi shekara goma sha ɗaya tana buga tafireta a ofishin wani lauya. Mutumin nan in an kai masa takarda sai ya ɗaga ta saitin taga, in ya hango inda aka goge harafi ɗaya sai ya yage ta biyu ya miƙo. Tun tana kuka a banɗaki har ta daina, ta koyi zare takardar da kanta, da kwafinta biyu na kabon, tun kafin a yage mata. Da kwamfuta ta shigo aka kwashe tafiretoci aka kai sito, Gwaggo ta koma kwalejin horar da malamai da girmanta, ta fito malamar adabi. Abu biyu ta baro ofishin da su: tsohuwar tafiretarta, da wata 'yar ƙararrawar tagulla mai mariƙin katako da lauyan ke kiranta da ita.

A makarantarmu ta sakandare ta sami aiki, kuma tun ranar farko ta kafa min doka. Daga bakin get zuwa ciki babu Gwaggo, Malama ce. Ni kuwa ko atishawa na yi a ajinta sai na fi kowa shan harara, don kada a ce tana son kai. A bayan idonta ɗalibai na kiranta Malama Ƙararrawa, ni ma ina taya su, Allah ya yafe min.

Shekarar da muka shiga ajin ƙarshe aka mayar da wasan kwaikwayo darasin da ake jarrabawa a kansa, aka kuma damƙa wa Gwaggo, saboda sauran malamai kowa ya zame. Ƙa'idar a fili take. Wani jami'i zai zo daga hukumar jarrabawa, ya zauna ya kalli wasanmu na minti arba'in daga farko zuwa ƙarshe ba tsayawa, ya ba kowane ɗalibi maki a kan abin da idonsa ya gani. Wanda bai gani ba, babu abin da zai rubuta masa.

Gwaggo da kanta ta rubuta wasan, ta buga shi a tafiretarta, shafi ashirin da biyu babu gogewa ko ɗaya. Kuma gaskiya wasan ya yi daɗi. A ɗakin jira na wani ƙaramin asibiti ake yinsa: marasa lafiya sun cika benci suna jiran likita, suna faɗa a kan layi, kowa na rantsuwa ciwonsa ya fi na kowa. Garin jira sai hira ta sarƙe, wannan ya ji damuwar wancan, har lokacin da likita ta iso ta tambayi waye na farko, kowa ya nuna na kusa da shi. Mu goma sha biyu ne. Wani dogon yaro mai ban dariya da muke kira Dogo ya zama ma'aikaci mai raba kati. Ƙawata, wadda ta fi kowa ƙanƙanta a ajin, ta zama tsohuwa mai tari, har sunan Tsohuwa ya bi ta. Ni aka ba ni likita, domin ita ce mai magana mafi kaɗan, kuma sai a shafi na ashirin da ɗaya take shigowa. Kada a ce Malama ta fifita 'yar yayanta.

Kullum bayan tashi muke gwaji a babban ɗakin taro, mai dandamalin siminti da labule kore da rana ta cinye gefensa. Gwaggo za ta zauna a layin gaba, takardu a cinya, ƙararrawa a hannun dama. Dogo zai shigo da kati, Tsohuwa ta yi tarinta, a fara. Can wani zai ce "amma" inda aka rubuta "sai dai", ko ya zauna kafin lokacin zama. Sai ka ji ƙililin.

"A koma farko."

Ba ta faɗa, ba ta zagi, kalmomin nan uku ne kawai. Kowa ya ja ƙafa ya koma inda ya fara, Dogo ya tattara katinsa, Tsohuwa ta sake tari. Yarinyar nan ta yi tarin ƙarya har sai da ya zama na gaske. Zango biyu muka yi a haka, kuma mafi nisan da muka taɓa kaiwa shi ne shafi na tara. Ran nan har tafi muka yi.

Ni fa? Ina bayan labule a kan wani bokitin fenti da aka kife, sanye da farar rigar da na aro daga ɗakin gwajin kimiyya, na rataya abin awon ƙirji da babana ya haɗa min da robar tiyo da murfin kwalba. A kan bokitin nan na karance littafi huɗu, na yi aikin lissafi na zango guda, na koyi yanke farce da haƙori. Makaranta duka ta koma kirana Likita. In na wuce sai ka ji ana tambayata ko yau zan leƙa wurin aiki, marasa lafiya na jira. Ina dariya tare da su, amma a raina ina ƙirga kwanaki. Saura sati biyar jarrabawa, ban taɓa taka dandamalin nan ba, kuma darasin nan nake so in karanta gaba.

Na kai ƙara wurin babana. Shi mai gyaran firji ne, mutum mai sanyin hali kamar kayan aikinsa. Da Gwaggo ta zo gidanmu ranar hutu ya jira ta gama shan shayi, sannan ya ce mata shi in ya gyara firji sai ya kunna ya bar shi ya yi aiki ya ga inda zai tsaya, ba ya kashewa duk minti biyu. Gwaggo ta ajiye kofi ta ce Yaya ya riƙe firjinsa ta riƙe ajinta, abin da aka fara a karkace a karkace zai ƙare. Ni kuma ta kalle ni ta ce maganar makaranta a makaranta ake yinta. Mamata ta yi maza ta kawo zancen labulen falo.

Ana haka sai ga takarda ta zo wa shugaban makaranta daga gidan wasan kwaikwayo da ke tsakiyar gari. Suna yin wasan rana na musamman don 'yan sakandare, bayan an tashi kuma 'yan wasan su zauna da ɗalibai su koya musu sana'ar. Babu ɗayanmu da ya taɓa kallon wasa ido da ido, sai a talabijin da waya. Daga baya na gane Gwaggo ma haka, duk abin da ta sani daga littafi ta san shi, amma ranar ta shiga motar makaranta da fuskar wadda ta saba.

Har yau ina jin ƙamshin wurin nan, fenti da katako da tsohon yadi. Kujerun jajaye ne masu naɗewa, in ka tashi su tashi, Dogo ya yi ta gwada tasa har sai da aka harare shi. Makarantu shida ne, mun kai mutum ɗari uku. Mu aka ba mu layi na huɗu, Gwaggo a bakin hanya, jakarta a cinya. Da aka kashe fitilu aka ja labule sai ga shagon aski sukutum, da madubi da kujera da tawul a rataye. Wani dattijo gajere mai tumbi ne mai askin. Bai ɗaga murya ba, amma ko gyaran murya ya yi sai ka ji kamar a kunnenka. Na lura yadda suke sauraron juna, wanda ba ya magana ma yana wasa da idonsa da hannunsa. Mu a wurinmu in ba layinka ba ne tsayawa kake kamar sanda kana jiran ƙararrawa.

Wajen tsakiyar wasan wani ƙato ya shigo aski, ya faɗa kan kujera da ƙarfinsa. Ƙafar kujerar ta ce ƙaras, mutumin ya tafi ƙasa da tawul a wuya, ƙafafu a sama. Ɗakin ya yi tsit na daƙiƙa ɗaya. A cikin wannan tsit ɗin ne aka ji ƙililin, daga layi na huɗu.

Hannun Gwaggo ne ya yi aikinsa ba tare da ya shawarce ta ba. Abin da ya fi muni kuma, mu goma sha biyu duk muka miƙe tsaye, kujerunmu suka naɗe a bayanmu ɓaf ɓaf ɓaf. Ina za mu koma, oho. Jiki ne kawai ya saba.

Mai askin bai ko kalli wajenmu ba. Ya karkata kai kamar mai saurare, ya dubi ƙofar shagon ya ce wa mai buga ƙararrawa ya yi haƙuri, yau a ƙasa ake aski, in yana so ya shigo ya kwanta a layi. Sai ya durƙusa ya ci gaba da yi wa ƙaton aski a kwance, shi kuma ƙaton ya harɗe hannu a ƙirji ya ci gaba da maganarsa daga inda ya tsaya. Ɗakin ya ɗauka da dariya da tafi. Muka zauna a hankali. Na saci kallon Gwaggo, ta cusa ƙararrawar can ƙasan jaka ta danne da hannu biyu, ko a duhun nan ana ganin kunyar da ta rufe ta.

Bayan an tashi aka raba makarantu, kowace da ɗan wasanta. Mu sai aka haɗa mu da mai askin, kuma sunan da muka ci gaba da kiransa ke nan. Ya hau da mu dandamali ta wata 'yar matakala ta gefe, ya nuna mana igiyoyin labule, da alamomin tef a ƙasa inda kowa ke tsayawa, da madubin shagon wanda ashe takardar azurfa ce. Ya sa kowa ya faɗi sunansa yadda mai zama a kujerar ƙarshe zai ji ba tare da an yi ihu ba. Sannan ya jawo karyayyar kujerar ya zauna a gefenta, ya tambaya cikin murmushi wa ya taimaka masa da ƙararrawa ɗazu. Duk muka sunkuyar da kai. Gwaggo ta ɗaga hannu kamar 'yar aji ɗaya.

Ta ba shi haƙuri, amma Gwaggo ce, ba ta iya yin shiru a kan abin da ya tsaya mata ba. Ta tambaye shi ko da gangan aka karya kujerar. Ya ce ina, shekara shida kujerar nan tana aiki, yau ta gaji.

"To ai kuskure ne," in ji Gwaggo.

"Kuskure ne, Malama, babba ma. Sai dai mutum ɗari uku sun riga sun gani. Ba ni da yadda zan ce su mayar da idonsu."

Ya ce mu nuna masa namu wasan. Aka jera benci, Dogo ya shigo da kati, Tsohuwa ta yi tari. Wallahi a kan dandamalin nan, ƙarƙashin fitilun nan, fitowarmu ta farko ta yi kyau har ni da ke gefe na ji tsigar jikina ta tashi. Mai Aski ya daina murmushi ya gyara zama. A shafi na huɗu Dogo ya tsallake kalma ɗaya. Babu wanda ya buga komai, jakar Gwaggo a rufe take, amma nan take kowa ya tsaya, ya juya, ya koma inda ya fara, Dogo na tattara kati. Mai Aski ya bi su da kallo baki buɗe. Ya ce shekararsa talatin a sana'ar nan bai taɓa ganin fitowar farko mai tsabta irin wannan ba, bai kuma taɓa ganin 'yan wasa sun kashe wasansu da hannunsu haka ba. Sai idonsa ya faɗo kaina, ina tsaye da farar rigata, don har can na tafi da ita. Ya tambayi ni wace ce, na ce likita.

"Yaushe kike shigowa?"

"Ban sani ba, Baba. Ban taɓa shigowa ba."

'Yan ajinmu suka fashe da dariya, har da riƙe ciki. Ni ma na so in yi, na kasa. Gwaggo ba ta yi dariya ba.

Sauran lokacin Mai Aski ya sa su wasa da doka ɗaya tak: ba a tsayawa, duk abin da ya faru a cikin asibitin ya faru. Suna cikin yi sai ya lallaɓa ya janye benci, ko ya sace katin Dogo, ko ya cire wa Tsohuwa ɗankwali ya ɗaura a kansa. Da farko suka daskare. Can Tsohuwa ta dube shi ta ce wa Dogo a asibitin nan har ɓarayi ke zuwa ganin likita, daga nan kuma kowa ya warware. Ya koya mana in abokin wasanka ya manta layinsa kada ka zuba masa ido, ka yi masa tambayar da za ta dawo da shi hanya. Ya ce mu yi wasan sau ɗaya kullum daga farko har ƙarshe ko da sama za ta faɗo, gyara kuma a rubuta a ajiye sai an gama. Sun kai shafi na goma sha shida, ina gyara wuyan rigata, direban makaranta ya fara danna hon a waje. Ran nan ma likita ba ta zo aiki ba.

A mota kowa na kwaikwayon faɗuwar ƙaton nan, Gwaggo na kujerar gaba tana kallon titi. Washegari da yamma ta zo gidanmu, ta same ni ina wanke-wanke a bayan kicin. Ta tsaya ta ɗauki kofi ɗaya da na ɗauraye, ta juya shi, na san ta ga tabo, amma ta ajiye.

"Na zalunce ki, 'yar nan," ta ce. "Wata shida kina kan bokiti."

Na ce ba komai, Gwaggo. Ta ce da komai. Sannan ta faɗa min abin da ban taɓa zaton zai fito daga bakinta ba, wai ta gwada a ranta ta ga ba za ta iya zama tana kallon kuskure hannunta bai motsa ba, ko an ɗaure shi. Saboda haka ta samo dabara.

Dabarar ita ce, kullum za ta zo ta ce a fara, sai ta fita. Ta ba wani malamin lissafi mai haƙuri takardun ya riƙe mana, ita kuma ta tafi filin ƙwallo ta yi ta zagaye minti arba'in cif, jakarta a kafaɗa. In iska ta juyo muna jiyo ƙararrawar tana 'yar ƙara a cikin jaka, can nesa, kamar akuyar da ta ɓata. 'Yan ƙwallo suka ɗauka likita ne ya sa ta motsa jiki. Ranar farko da na taka dandamalinmu na tambayi waye na farko, 'yan wasan suka manta da wasa suka hau tafi, Dogo ya ce sannu da zuwa, tun bara muke jira. In ta dawo sai malamin lissafi ya karanta mata inda aka yi tuntuɓe, ta gyara wurin kaɗai, tana cije leɓe. Sati biyu kafin jarrabawa Mai Aski ya zo makarantar da kansa ya kalle mu, ya gyara min shigowata, ya ce in daina sauri, likitan da aka daɗe ana jira ba ya gudu. Ya nemi Gwaggo ta zauna, ta ce tana da zagaye.

Ta haka muka iya wasan har ƙarshe, ita kuwa marubuciyarsa ba ta taɓa ganin abin da ya wuce shafi na goma sha shida ba. Ga shi dokar jarrabawa ta ce dole malamin darasi ya zauna kusa da jami'i har a gama, kuma in ya sa baki an soke.

Da safen ranar jarrabawar ta biyo ta shagon babana ta ajiye masa ƙararrawar a kan wani firji. Ya ce ya sa mata a ciki ne ta huce? Ba ta kula shi ba.

Jami'in wani siririn mutum ne mai tabarau, da fayil da biro biyu. Aka fara ƙarfe goma da kwata. Ta ɗan tsagin labule ina hango Gwaggo a gefensa, ta sa hannayenta ƙarƙashin cinyoyinta ta zauna a kansu. A shafi na uku wani ya ce "amma" a wurin "sai dai", na ga kafaɗarta ta yi tsalle, amma ta zauna. Shafi na tara ya wuce. Na goma sha biyu ya wuce, har jami'in ya yi 'yar dariya ya rufe da tari.

Abin da dukanmu muka manta shi ne masinjan makaranta. Babu wanda ya gaya masa ana jarrabawa a ɗakin taro. Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata, lokacin fita hutun shan iska, bawan Allah ya zo daidai bakin tagarmu inda ya saba tsayawa, ya kaɗa ƙararrawarsa da iyakar ƙarfinsa.

Tsohuwa na tsakiyar magana ta tsaya cak. Na ga ƙafafu sun fara juyawa. Biyu sun miƙe daga benci sun nufi inda suke zama a farkon wasa, hannun Dogo ya tafi kan katin da ya raba. Duk aikin sati biyar ya tashi, wata shida na baya suka dawo. Ni a bayan labule na ce shi ke nan, a bokiti zan ƙare. Idanun mutum goma sha ɗaya suka tafi layin gaba, inda suka saba tafiya.

Gwaggo ta zaro hannayenta daga ƙarƙashinta. Ta ɗaga su daidai kafaɗa, ta buɗe tafukan duka biyu, ta riƙe su haka. Babu komai a ciki. Jami'in ya ɗan kalle ta, ina jin ya ɗauka miƙa take yi.

Dogo ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya daka wa waɗanda suka miƙe tsawa, ya ce ina za su, ƙararrawar shan shayin ma'aikata ce ba ta zuwan likita ba, kowa ya koma ya zauna kafin ya ƙwace katinsa. Sannan ya juya ga Tsohuwa ya ce, "Iya, kina cewa jikan naki ya yi me?" Tsohuwa ta yi tari ɗaya mai kyau, ta ɗora daga inda ta tsaya.

Da lokacina ya yi na shiga a hankali yadda Mai Aski ya ce. Ina sa ƙafa robar tiyon ta fice daga murfin kwalbar, murfin ya gangara ƙarƙashin benci yana ƙara. Na bi shi da kallo, na ce da alama yau da kunne za a yi awo. Sannan na dubi bencin na tambaya, "Waye na farko?" Kowa ya nuna na kusa da shi. Aka ja koren labulen nan, ya maƙale a rabi kamar kullum, Dogo ya ƙarasa ja da hannu.

Jami'in ya gama rubuce-rubucensa, ya tambayi Gwaggo ko ƙararrawar nan a cikin wasan take, don ta zo daidai. Gwaggo ba ta iya ƙarya ba, ta ce a'a, kuskure ne. Ya ce to, ya dai ji daɗinta. Da ya fita muka sauko muka kewaye ta. Tana zaune ba ta motsa ba, hawaye na bin fuskarta, ba ta ko share ba. Ta ce ta ƙirga kuskure goma sha bakwai. Sai ta ce ita ta buga shafin ƙarshen nan da hannunta, sau biyar ma, amma ba ta san haka yake ba sai yau. Ta kamo hannun farar rigata a gaban kowa, a cikin makaranta, ta ce, "Sannu da zuwa, 'yar Yaya."

Duk mun ci darasin. Gwaggo ta yi shekara tara tana kai ɗalibai gidan wasan nan kafin ta yi ritaya, har an san kujerarta a layi na huɗu, Mai Aski kuma bai taɓa ganinta bai tambayi lafiyar ƙararrawa ba. Ƙararrawar tana shagon babana har yau, masu kawo gyara ke kiransa da ita in yana ciki. Ba zan ce Gwaggo ta canza gaba ɗaya ba, har gobe in ta ga tsinke bakin ƙofa take komawa.

Amma da na haifi 'yata ta fari, ta zo asibiti da gwangwanin biskit ɗin nan a hammata. Ta buɗe ta fito da hular, shuɗin ya koɗe, an gama ta har da ɗan tuntu a sama. A gefe ɗaya akwai wani rami da ɗan yatsa zai shiga. Tun kafin in gani ta nuna min shi da kanta, ta ce a layi na goma sha huɗu zaren ya kuɓuce mata. Babana na tsaye a bakin gado yana ta dariya yana cewa ai ya faɗa. Gwaggo ta ce Yaya ya matsa yana tare mata haske, ta sunkuya ta sa wa jaririyar hular, ta juya ramin ta baya.